Neman kalma: shin kowane shugaban coci "limamin coci" ne?

Mai Shirin Rediyo: Jama'a barkanku da war haka. Ina neman agaji na gaggawa. Ranar Alhamis da safe zan shiga ɗaukar shiri na minti ashirin a kan muƙaman shugabannin coci, rubutun da aka ba ni kuma da Turanci yake. Jiya da dare na gama zagayen farko, na karanta shi da ƙarfi kamar yadda na saba kafin in shiga ɗakin ɗauka, sai na tarar "limamin coci" ya fito sau goma sha huɗu, alhali muƙami biyar daban-daban ake nufi. Akwai wurin da ya zama limamin coci ne ke naɗa limamin coci, wani limamin cocin kuma yana tsaye yana taimaka musu. Mai sauraro ba zai fahimci komai ba, Kirista kuma zai ji an yi wa addininsa kuɗin goro. Waɗanda suka tsaya mini a wuya su ne bishop, akbishop, kadinal, firist, fasto, dikin, rabaran, da kuma laƙabin shugabannin cocin Orthodox. A taimaka.

Matar Fasto: Fasto dai a bar shi fasto, jam'i fastoci. Ya zauna a baki tun kafin a haifi yawancinmu. Idan kina son fassara shi sau ɗaya a farkon shiri, ki ce makiyayi, don ma'anarsa ke nan a Latin.

Tsohon Katikis: 'Yata, sannu da aiki. A wajenmu Katolika wanda yake tsayawa a bagade "fada" muke ce masa idan muna kiransa, "firist" kuma idan muna maganar matsayinsa. Firist kalma ce da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, da jam'inta firistoci, har da babban firist. Kada ki ce wa fada fasto, kada kuma ki ce wa fasto fada. Kowannensu zai gyara miki.

Mai Shirin Rediyo: Na gode Baba. Fada a rediyo ba matsala, murya za ta raba shi da fadar sarki. A rubuce ne yake rikita mai karatu, musamman a waya inda ba a sa ƙugiya, ya koma faɗa.

Ɗalibin Tauhidi: Yaya, kafin a shiga kalma ɗaya-ɗaya, ina ganin tushen matsalarki shi ne kin jera su kamar matakala guda, daga dikin zuwa Fafaroma. Ba haka suke ba. Kashi uku ne aka haɗa a buhu ɗaya.

Na farko matsayin da ake keɓe mutum dominsa ta wurin ɗora hannu. A cocin Katolika da Orthodox da Angilika uku ne kacal: dikin, firist, bishop. Ba na huɗu.

Na biyu aikin da aka ɗora wa mutum. Akbishop bishop ne, sai dai kujerarsa ita ce babba a lardin da ya haɗa dayosis da yawa (dayosis shi ne yankin da bishop guda ke kula da shi). Fafaroma shi kansa bishop ne, bishop na birnin Roma. Kadinal ma ba wani sabon keɓewa ake yi masa ba, Fafaroma ne ke zaɓensa ya zama mashawarcinsa, kuma waɗanda ba su kai shekara 80 ba su ne ke zaɓen sabon Fafaroma. A watan Mayun 2025 su 133 ne suka shiga zaɓen da ya fito da Leo na 14. Asalin kalmar daga Latin ne, sunan abin da ƙyauren ƙofa ke juyawa a kansa.

Na uku laƙabin girmamawa, wanda ake sawa gaban suna. Rabaran a nan yake. Ba aiki ba ne. Ba a cewa "aikinsa rabaran", kamar yadda ba a cewa aikin wani "mai girma" ne.

Idan kika raba su haka tun a minti biyu na farko, rabin wahalarki ta kau.

Mai Shirin Rediyo: Wallahi wannan ya buɗe mini ido. Da na sa kadinal a matsayin "wanda ya fi bishop daraja a keɓewa". Na goge yanzu.

Malamin Nahawu: Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma da izininku ban ga Hausa ba tukuna. Bishop, dikin, fasto, rabaran: Turanci ne aka sa wa hula. An tambaye mu kalmar Hausa, muna mayar wa mai tambaya abin da ta kawo. Harshen da yake da makiyayi, maɗinki, masunci, marubuci, ya rasa yadda zai kira mai lura da jama'a? Kalmar asali ta Girkanci episkopos ce, daga "bisa" da "mai dubawa". Na daɗe ina tunani a kanta. Da farko na so madubi, daga duba, amma na janye da kaina, domin wani zai ji gilashin kallon fuska, wani kuma zai ji ɗan duba. Abin da na tsaya a kai shi ne matsari, daga tsare. Jam'i matsara, mace matsariya. Akbishop ya zama babban matsari. Ginin kalmar bai karya ƙa'ida ko ɗaya ba.

Matar Fasto: Malam, ginin ya yi, amma ni da na ji matsari mai gadi ne ya zo mini a rai.

Mai Fassarar Littattafai: Ni kuma wanda ya tsare mutum a caji ofis. Tsare tana da fuska biyu, kiyayewa da hana tafiya. A labarai kullum ta biyun muke ji: an tsare wane, ana tsare da wane.

Malamin Nahawu: Kowace sabuwar kalma haka take fara wa kunne baƙo-baƙo. Da aka fara cewa jirgin sama ma an yi mamaki. Idan 'yar'uwarmu ta faɗi matsari sau biyar a shiri ɗaya, kafin shekara wasu gidajen za su ɗauka. Rediyo ne ke haifar kalma ya yi renonta. Amma idan kowa ya ji tsoro, haka za mu zauna muna aro har abada.

Ɗalibin Tauhidi: Malam, ai masu fassara Littafi Mai Tsarki sun riga mu zuwa wannan mararrabar. Cikakken Littafin ya fito da Hausa tun 1932, Dakta Walter Miller yana cikin waɗanda suka yi aikin, an kuma sabunta fassarar daga baya. A wanda ke hannuna, 1 Timoti sura 3 tana maganar mai kula da ikkilisiya, sannan masu hidima. Hausa ce tsantsa, ba aro. Dikin a Girkanci diyakonos ne, wato mai hidima. Presbuteros kuma, ita ma kalmar Girkanci ce, ma'anarta dattijo. To ga Hausar: mai kula, dattijo, mai hidima.

Sai dai akwai tarko a nan. A zamanin manzanni kalmomin ba su rabu sarai ba. A Ayyukan Manzanni sura 20 Bulus ya aika daga Militas a kira masa dattawan ikkilisiyar Afisa, da suka zo ya ce musu Ruhu Mai Tsarki ya sa su masu kula, su yi kiwon garken. Mutane iri ɗaya, suna uku a wuri ɗaya: dattawa, masu kula, makiyaya. A wasiƙarsa ga Titus ma ya ce a naɗa dattawa a kowane gari, bayan aya ɗaya ya koma cewa mai kula. Sai a farkon ƙarni na 2, a wasiƙun Ignatiyus na Antakiya, muke ganin bishop ɗaya a gari, dattawa kewaye da shi, dikinoni suna hidima. Saboda haka idan Yaya ta ce "mai kula" a madadin bishop na yau, cocin da ba su da bishop za su ce ai fastonmu da dattawanmu ma masu kula ne, kuma Littafi yana bayansu.

Mai Shirin Rediyo: Dakata, akwai cocin da ba su da bishop sam?

Matar Fasto: Da yawa ma, 'yar'uwa. Baftis fasto da dikinoni suke da su. Firesbiteriyan kuwa sunansu ma daga kalmar dattijon nan aka samo shi, majalisar dattawa ce ke riƙe da ikkilisiya, fasto ɗaya ne daga cikinsu, shi ne dattijo mai koyarwa. Tsarin da Kalbin, ɗaya daga jagororin Furotesta na farko, ya kafa a birnin Janiba a 1541 muƙami huɗu ne: fastoci, malamai, dattawa, dikinoni. Su Metodis kuma sun rabu, na Amurka suna da bishop, na Ingila ba su da shi. Ki kuma lura da dikin, don suna ɗaya ne aiki biyu. A cocinmu dikin mutum ne mai sana'arsa, jama'a suka zaɓe shi ya riƙa kula da baiko da ginin coci da ziyarar marasa lafiya da gwauraye. Ranar Lahadi shi ne za ki gani ya riga kowa zuwa yana jera kujeru, ya kuma bar wurin bayan kowa da littafin lissafi a hammata.

Tsohon Katikis: Namu dikin kuwa keɓaɓɓe ne, bishop ya ɗora masa hannu. Yana yin baftisma, yana ɗaura aure, yana karanta Bishara ya yi wa'azi, amma ba ya keɓe gurasa da ruwan inabi, ba ya kuma jin ikirarin zunubi. Wannan na firist ne. Akwai wanda dikin mataki ne a gare shi kafin ya zama fada, akwai kuma na dindindin, wanda aka farfaɗo da shi bayan babban taron Batikan na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi yana iya zama mai aure. Idan kina so ki gane su da ido, dubi dogon ƙyallen da suke ratayawa. Firist a wuya yake sa shi, ya sauko ta gaba biyu. Dikin daga kafaɗar hagu yake karkato shi zuwa kwiɓin dama. Bishop kuma ga zobe, ga doguwar hula mai tsini, ga sanda mai lanƙwasasshen kai irin ta makiyayi. Ni shekara talatin da wani abu na yi ina koyar da masu shirin baftisma, ina jagorantar addu'a ranar da fada bai samu zuwa ba, amma ban taɓa tsayawa inda yake tsayawa ba, don ba a keɓe ni ba. Idan da wuri a shirin naki, ki ambaci katikis ko da a jimla ɗaya ce. Ana yawan mantawa da mu.

Mai Shirin Rediyo: Na sa, Baba. Alkawari ne.

Mai Fassarar Littattafai: Tunda ana ƙin aron Turanci, me zai hana a duba Larabci? Kiristocin Larabawa suna da nasu tun da daɗewa: uskuf ga bishop, muɗran ga na babban lardi, shammas ga dikin, ƙissis ga firist. Ƙissis ma duk wanda ya yi karatun Alƙur'ani ya gamu da ita a Suratul Ma'ida aya ta 82, tare da ruhban, wato masu keɓe kansu don ibada. Swahili haka ta yi, askofu take cewa.

Ɗalibin Tauhidi: Uskuf ɗin ma episkopos ce ta bi ta wata hanya, yadda bishop ta bi ta Turai. Uwa ɗaya ta haife su. Kuma Larabcin yana da nasa ramin: Kiristocin Larabawa suna kiran firist kahin, mai sauraron Hausa kuwa da ya yi karatun addini boka zai ji. Babban abin dai, ban taɓa jin Kirista mai magana da Hausa ya kira shugabansa uskufu ba.

Malamin Nahawu: To ai nan ne gizo ke saƙa. Don masu abu ba sa faɗa, shi ke nan harshe ya tsaya? Hausar coci cike take da Turanci domin waɗanda suka kawo ta baƙi ne, waɗanda suka karɓa kuma yawancinsu ba Hausa ce harshensu na farko ba. Ba laifinsu ba ne, amma ba da ita za a auna daidaitacciyar Hausa ba.

Matar Fasto: Malam, wannan maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Da Hausa aka yi mini baftisma, da ita aka ɗaura mini aure, da ita nake addu'a idan ɗana ba shi da lafiya cikin dare. Kakata ba ta san harafi ɗaya na Turanci ba, amma ta haddace zabura da Hausa. Idan tawa ba Hausa ba ce, ta wa ce? Liman da kake ganin ɗan gida ne, al-imam ne. Malam da muke kiranka da shi, mu'allim ne. Alƙali, ladan, hakimi, duk baƙi ne da suka kwana suka zama 'yan gida. Me ya sa aron da ya zo ta gabas yake zama Hausa, wanda ya zo ta yamma yake zama gurɓata?

Malamin Nahawu: Ban ce taki ba Hausa ba ce, Mama. Na ce waɗancan sun yi ɗaruruwan shekaru, sun narke, sun ɗauki jam'i irin namu: limamai, malamai, alƙalai. Gwada yi wa bishop jam'i. Bishop-bishop. Kadinal-kadinal. Kalmar da ba ta iya jam'i sai an ninka ta, har yanzu a bakin ƙofa take.

Mai Fassarar Littattafai: Fastoci fa? Firistoci fa? Dikinoni fa? Sun shige har ɗaka. Ninki kuma namu ne, muna cewa iri-iri, muna cewa joji-joji.

Malamin Nahawu: Fasto da firist na sallama. Bishop ban sallama ba.

Tsohon Katikis: Ku yi haƙuri da juna, 'ya'yana. Malam yana kishin harshe ne, Mama tana kishin gidanta, duka biyu abin yabo ne. Amma yarinyar nan Alhamis take jira.

Mai Shirin Rediyo: Na gode Baba. Sauran biyu. Na ɗaya, rubutun ya ambaci shugaban cocin Kibɗawa na Masar, Tawadros na 2, kuma ya kira shi da laƙabin da ake kiran na Roma. Da na rubuta "Fafaroman Masar" sai na ji wani iri.

Ɗalibin Tauhidi: Kunnenki bai yaudare ki ba. Roma tana cikin kalmar Fafaroma, to ba za ta yi wa na Iskandariya ba. Laƙabin asalinsa "baba" ne kawai, cocin Iskandariya kuma tana kiran shugabanta da shi tun ƙarni na 3. Tawadros ya hau kujera a 2012, ba kuma ƙarƙashin Roma yake ba, cocinsa ta rabu da ita tun bayan babban taron shugabannin coci da aka yi a birnin Kalsidon a 451. Ki ce shugaban cocin Kibɗawa, ki ƙara da cewa mabiyansa Baba suke ce masa. Na Orthodox kuwa, kamar Bartalamawus da ke Istanbul tun 1991, laƙabinsa a Girkanci ma'anarsa uban zuriya. A tsakanin shugabannin Orthodox shi ne na farko a girmamawa, amma ba ya mulkin sauran yadda Fafaroma ke yi a Katolika. Ni "babban uban coci" zan ce.

Malamin Nahawu: Ka ga wannan Hausa ce. Da haka aka bi tun farko ba mu da rigima.

Mai Fassarar Littattafai: Sai dai "ubannin ikkilisiya" suna ne da aka riga aka ba malaman ƙarnonin farko irin su Agustin. A kiyaye kada su haɗu. Ki riƙa haɗa shi da sunan birni kullum.

Mai Shirin Rediyo: To. Na biyu, mata. Rubutun ya ce cocin Ingila ta fara keɓe mata firistoci a 1994, mace ta farko ta zama bishop a can a 2015, Katolika da Orthodox kuwa ba sa yi. Da na sa "limamiya".

Matar Fasto: A'a. Ki ce fasto mace, bishop mace, ki bar "ta" da "ce" su yi sauran aikin. Kuma kada ki haɗa su da sista. Sista ta yi alkawarin ibada ne, ba keɓewar firist aka yi mata ba.

Malamin Nahawu: Da matsari ne, matsariya tana nan a shirye.

Mai Fassarar Littattafai: Malam bai gaji ba.

Malamin Nahawu: Ba zan gaji ba, don na yi imani da ita.

Mai Shirin Rediyo: Ga inda na tsaya, a duba mini. Fasto, firist, fada, dikin, katikis, kadinal da Fafaroma na bar su yadda masu su ke faɗa, kowanne da bayanin jimla ɗaya a karon farko: fasto wato makiyayi, dikin wato mai hidima, da sauransu. Dattijo na nan da sunansa. Rabaran gaban suna kawai. Akbishop zan ce babban bishop. Na Orthodox babban uban coci na birni kaza. Limamin coci na rage shi zuwa wuri biyu, a gabatarwa da inda nake maganar su duka a dunƙule, saboda masu sauraro Musulmi su sami inda za su kama. Bishop zan ce bishop, in bi shi da "mai kula da ikkilisiyoyin yanki guda".

Tsohon Katikis: Ya yi, 'yata. Limamin cocin nan dai ko sau biyun ba ya kwanta mini, don liman jagorantar salla yake yi, aikin firist kuwa ya wuce tsayawa gaba. Amma na fahimci dalilinki.

Ɗalibin Tauhidi: "Babban bishop" ma zai sa wani ya ɗauka yana iya sauke sauran ko ya ba su umarni a dayosis ɗinsu, alhali ikonsa a kansu ƙalilan ne. Ki ƙara rabin jimla.

Mai Shirin Rediyo: Minti ashirin ne fa. Zan gwada.

Malamin Nahawu: Ban gamsu ba, amma shirinki ne. Abu ɗaya nake roƙo: inda kika bayyana asalin kalmar bishop, ki ce akwai masu ganin a Hausa za a iya kiransa matsari. Sau ɗaya tak. Ki bar masu sauraro su yi hukunci.

Mai Shirin Rediyo: Malam, ba zan yi alkawari ba, sai na auna lokacin gobe da agogo a hannu. Idan daƙiƙa goma ta ragu, taka ce.

Matar Fasto: Idan kika faɗa, ki ce shawarar masanin nahawu ce, kada a ɗauka haka muke cewa a coci.

Malamin Nahawu: Na yarda da wannan sharaɗin. Wa yake da ra'ayi a kan dayosis? Don ita ma ban ga dalilin barinta haka ba.